Tuwon Gidan Mai Kaki

An sare itatuwan nan na gefen kasuwar Wadata, a nan Yamai. Da idona na gani, ranar da jikana ya ɗauko ni a bayan moto daga unguwar Dar es Salam za mu gaida wani maras lafiya. Dogon yaro ne a jere, manya, masu inuwa har ta yi wa mutum yawa. Yanzu sai siminti da 'yan shagunan gyaran salula. Na ce ya tsaya. Ya tsaya yana ƙunƙuni, wai masu taksi za su zage shi. Na ce su zage ka mana, ni da na sha zaginsu shekara da shekaru a tsakiyar titi ga ni ban mutu ba. Na sauka ina kallon wurin, masu tura kura suna ta ce mini in kauce, babu wanda ya san abin da tsohon nan yake nema a ƙasa. Ban ga laifinsu ba, lokacin da abin ya faru iyayen wasunsu ma ba su yi aure ba.

Yanzu idan ɗan sanda ko jandarma ya rasu a bakin aiki, kafin a yi masa wanka hotonsa ya gama salula, kowa ya rubuta Allah ya jiƙan rai, kwana biyu wani labari ya danne. Ana kuma yin taro, a aza furanni, a yi jawabi da Faransanci. Ban raina wannan ba, abin kirki ne. Amma mu namu mamatan ba su da hoto, in ka cire ɗan ƙaramin nan na jikin katin aiki. A ka muke ɗauke da su. Akwai wani Bazabarme da 'yan fasa-ƙwauri suka harbe a shingen hanya, amaryarsa ba ta yi wata a ɗaki ba. Akwai wani mutumin Damagaram da ya faɗa gulbi ranar da jirgin fito ya kife, ya turo mata biyu gaɓa, shi ruwa ya riƙe shi. Duk ina sa su a addu'a bayan asuba, kuma ina alfahari da na sa tufa iri ɗaya da su. Sai dai wanda itatuwan nan suka tono mini shi ne abokina Illa, mutumin Adar.

Tare aka ɗauke mu aikin ɗan sanda, ni daga ƙasar Gobir, shi daga wani ƙauye bayan Tawa. Lokacin soja ke riƙe da ƙasa, kuma duk abin da za a faɗa a kansu, ba su yarda da lalaci ba. Ka makara kaɗan, ka wuni kana sharar filin komisariya, wato ofishin 'yan sanda. Yamai kuwa ba ta kai rabin rabin haka ba. Bayan kiran salla sai ka ji ƙahon bariki tun daga nesa, sai luguden mata gida gida, sai kukan jakunan masu itace. Mota ɗaya ta wuce, ka gama gaisawa da mutum ka tambaye shi iyali kafin wata ta zo. In ka hura usur ka ɗaga hannu, ko wane ne a cikin motar sai ya taka birki. Kakinmu kuwa ruwan garin rogo ake sa masa, a bi shi da dutsen guga na gawayi, har wando ya kusa tsayawa da ƙafarsa ba kowa a ciki. Yaran yanzu da nake gani sun jingina da mota suna latsa salula, riga a yamutse, da birgadiyenmu, mai ba mu umarni, ya gan su da sun gwammace kiɗa da karatu.

Ni mai zafin kai ne a lokacin, ba zan ɓoye ba, hannuna kusa yake da kulki. Illa kuwa sanyi gare shi kamar ruwan randa. Dogo ne, siriri, ba ya son yawan magana, amma in ya kafe a kan abu ko da jaki ba a jan shi. Ina tsokanarsa ina cewa kai da an bar ka da sayar da albasa kamar 'yan uwanka da duniya ta huta. Sai ya yi murmushi ya ce, “Kai ko da an bar ka ga noman gujiya da kawunan mutane sun huta.” Ya yi aure kafin ni. Matarsa Hajo ta riƙe ni kamar ƙanen miji, gidan da suke haya kusa da kasuwa nan nake cin tuwon dare kusan kullum.

Sai damina ta ƙi. Hadari ya haɗu har ka ji ƙamshin ruwa, iska ta zo ta watse shi. Abin da na fara lura da shi a cikin gari shiru ne. Luguden safe ya ragu, gida goma sai ka ji turmi ɗaya, shi ma ba ya daɗewa. Mutane suka fara kwararowa daga arewa, Buzaye da Fulanin da ba su da ko akuya, manoman Zarmaganda da na Adar da tabarmi a ka, suka kafa bukkoki na kwali da tsumma a bayan gari. Gwamnati ta shiga rabon jar dawa ta taimako, tiya tiya, wadda in aka tuƙa ta sai ka rufe ido kafin ka haɗiye. Wuri ɗaya na rabon yana gefen Wadata, lokacin kasuwar sabuwa ce, rumfunan zana da kwano. Nan aka tura mu tsaro. Umarnin da aka ba mu shi ne a ja igiya, kowa ya tsaya a layi, wanda ya fita a maido shi. To, dattawa sun ce yunwa a ba ki a huta. Mutum ya kwana biyu bai ci ba, ga rana tana dukan ƙeya, ga goyo yana kuka, ka ce ya tsaya ƙyam? Turereniya ake yi, mata suna faɗuwa, mu kuma muna ɗaga kulki. Na doki mutane a layin nan, kuma har yau in na tuna sai na nemi gafarar Allah.

Cikin waɗanda fari ya koro har da mahaifin Illa. Malami ne na allo, tsoho, matarsa ta riga ta rasu, ƙauyen kuma ya watse. Ya iso da buzunsa da gafakarsa da wata ƙwarya mai ɗinki a gefe, ya sauka a zauren gidan ɗansa. Illa ya yi murna har ya rasa inda zai sa kansa. Hajo ta tuƙa tuwon hatsi, ta yi miyar kuka da ɗan nama, ina wurin aka kai masa. Malam ya buɗe kwano ya duba, ya rufe, ya tura shi gefe.

Ya ce, “Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka. Amma ni ba ni cin abin da kulki ya kawo.”

Illa ya durƙusa ya ce, “Baba, albashina ne. Aiki nike yi, ana biya na.”

Malam bai ko dube shi ba. Ni ya duba, da yake ni baƙo ne, ya ce, “Yaro, ni na ga masu kaki tun ina ƙarami, zamanin Nasara. Sunka zo karɓar haraji, sunka ɗaure ubana ga rana, sunka kore muna awaki. Su ma albashi sunka ce ana ba su. Na hana wanga shiga aikin nan, ya ƙi ji. Kwana ni yi nan, don ba ni da inda za ni. Ci ne ba ni yi.”

Haka kuwa aka yi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan Illa a nan na ga tushensa. Malam ya ce dawar taimako sadaka ce da aka ba talaka, shi kuma talaka ne, don haka da ita zai rayu. Hajo ce take daka masa daban, ta tuƙa a tukunya daban, da ƙiraren da shi da kansa yake tsintowa. Tsoho ya shiga ramewa, wuyansa ya zama kamar na gauraka. Illa kuma ya ce wa Hajo kullum da magariba ta zuba tuwon gida ta kai zaure, ko ya ci ko bai ci ba. Kullum kwanon ya koma yadda ya je. Wata rana muna tafiya aiki ya ce mini, “Ka san galan da ake sa ma mutum ga kafaɗa? Ba shi nike nema ba. Ranar da kwanon can ya komo wayam, ranan na san aikina ya karɓu.” Ban taɓa jin ya faɗi abin da ke ransa haka ba.

Abin da ba mu yi tunani ba shi ne inda Malam zai karɓi dawar tasa. Ran nan da hantsi muna tsakiyar turereniya, na hango shi can cikin layi, da ƙwaryarsa a ƙirji, ana jan shi gaba ana maido shi baya. Na taɓa Illa na nuna masa. Na ce bari in je in ɗauko shi in kai shi gaba. Ya riƙe mini hannu ya ce in na yi haka tsohon zai juya ya tafi gida ya kwana da yunwa, kuma waɗanda ke tsaye tun asuba za su ce ɗan sanda ya fifita ubansa, su yi gaskiya. Ranar haka ya wuni yana tsaron layi, ubansa yana shan rana a ciki, har tsohon ya durƙushe sau biyu yana miƙewa. Na ga haƙoran Illa a cije.

Washegari tun kafin kamiyo, babbar motar da ke kawo dawa, ya iso, Illa ya cire kulkinsa ya ba ni. Ya hau kan wani turmin siminti ya ɗaga murya, da Hausa, sannan da 'yar Zabarmancin da ya iya. Ya ce kowa ya ajiye ƙwaryarsa ko kwanonsa a ƙasa daidai inda yake tsaye, ya aza dutse a ciki don iska, ya koma gindin itatuwa ya zauna. Ƙwarya ce za ta yi layi. In an zo kan taka, za a ɗaga ta sama, ka taso ka karɓa. Mutane suka yi cirko-cirko. Wata tsohuwa Bazabarma ta ce in wani ya matsar da tata fa? Ya ce, “Inna, ni ad da tsaronta. In ta gusa ko da taki ɗaya, ki kama ni.” Ni kuma da yake Bagobiri ne, abokin wasansu, na ce mata wa zai saci wannan fasasshiyar ƙwarya taki, ko kare ba ya sha a ciki. Ta zage ni tas, aka yi dariya, ta ajiye. Da ta ajiye kowa ya ajiye. Malam ya tsaya yana kallo, da ya ga ba shi kaɗai aka zaunar ba, ya ajiye tasa ya nufi inuwa.

Birgadiye ya zo ya tarar da ƙore a jere tun daga bakin kamiyo har gangare, mutane zaune suna hira. Ya hau faɗa, wa ya canza umarni, ina igiya? A zamanin nan canza umarni ba ƙaramin abu ba ne, ana iya tuɓe wa mutum kaki. Illa ya ƙame ya sara masa ya ce shi ne. Aka kai maganar gaban komiser, shugaban komisariya. Ya zo da kansa ya tsaya ya yi kallo, ya ga an gama rabo kafin azahar ba wanda ya faɗi, bai ce komai ba ya shiga motarsa. Shirunsa shi ne izini. Kafin wata ya ƙare Illa ya san ƙwaryar kowa, mai ɗinki, mai zane, kwanon sha mai lotsattsen baki. Wani ya yi wayo ya matsar da tasa, sai ka ga Illa ya zo ya ɗauke ta ya maida inda take, ba tsawa ba duka. Mutane suka ɗauka tausayinsu ne ya kawo dabarar, kuma yana tausayinsu ɗin. Ni da Hajo kaɗai muka san saboda tsoho ɗaya aka zaunar da jama'a duka. Kwanon magariba kuwa yana nan yana komawa cike.

Ranar da abin ya faru babu wata alama. Wurin rabon tudu ne, itatuwan suna ƙasa a gindin gangare. Kamiyon ranar tsoho ne, cike da buhuna, an juyo bayansa wajen jama'a don sauke kaya, an sa masa waigi na gungume a bayan taya. Direba ya sauka yana shan ruwa. 'Yan dako suna ta hawa suna dirowa, ƙasar kuma rairayi ce. Sai na ji wata ƙara, gungumen ya sulluɓe gefe, kamiyo ya fara tafiya da baya. Da farko a hankali, yana murƙushe ƙoren da ke layi ɗaya bayan ɗaya. A ƙasa kuwa mutane suna zaune, tsofaffi sun miƙe ƙafa, mata sun kwance goyo suna shayarwa. Da a tsaye suke da sun watse. A zaune suke, kuma Illa ya san shi ya zaunar da su.

Ni usur na hura. Wannan shi ne abin da na yi, ina hurawa ina ihu a tashi a tashi. Shi ko bai yi ihu ba. Ya suri buhu daga kafaɗar wani ɗan dako ya jefa ƙarƙashin taya, taya ta fasa buhun ta wuce, amma ta ɗan rage gudu. Ya sunkuya ya rungumi gungumen nan, ya sha gaban kamiyo da gudu, ya kwanta ya tura shi da hannu biyu da ƙirji. In ya saki, rairayi zai sake janye shi, don haka bai saki ba. Taya ta hau gungume, ta hau shi, ta tsaya. Tsakaninta da tabarmar farko bai fi taku huɗu ba. Kafin a tara 'yan dako a ɗaga, rai ya yi halinsa. Na cire rigata na rufe masa fuska. Da na ɗago sai na ga Malam a tsaye a kaina, yana kallo, leɓunansa suna motsi. Babu ko mutum ɗaya da ya ji ciwo a cikin jama'ar nan.

Komiser ya ce za a yi masa jana'iza irin ta wanda ya faɗi a bakin aiki, da tuta da sahun 'yan sanda, amma ya ji labarin uban, yana tsoron a je a yi abin kunya gaban manya. Ni aka aika. Na durƙusa a zaure na faɗi saƙo ina inda-inda. Malam ya ce, “Ku yi abin da ku ka yi ma naku. Ni dai a rufe shi kahin la'asar.” Shi ya yi masa wanka, shi ya ja salla. Ban taɓa ganin jama'a irin ta ranar ba. Muka jeru da kakinmu, aka busa ƙaho, muka sara. Bayanmu kuma mutanen bukkoki ne, ba takalmi, sun taho da ƙafa tun daga bayan gari, Buzaye da rawunansu, Fulani da sandunansu. Ina kuka, amma ƙirjina a buɗe yake, ban taɓa jin darajar rigar da ke jikina kamar ranar ba. Duk da haka raina bai kwanta ba. Malami zai yi wa kowane Musulmi wanka da salla, ko ɓarawo ne, wannan haƙƙin gawa ne. Ban san ko tsohon ya sauka daga maganarsa ba, fuskarsa kuwa ba ta nuna komai.

Muka koma gida zaman gaisuwa. Mata cike da tsakar gida, tsohuwar nan Bazabarma tana ta yin ta'aziyya da yarensu, tana cewa “fonda tilas” tana share ido da gefen zane. Maƙwabta suka kawo fura da dambu. Da aka yi magariba mutane suka ragu, ya rage daga ni sai Malam a zaure, yana jan carbi. Sai ga Hajo ta fito, idanu a kumbure, ɗauke da kwano. Matan sun hana ta shiga madafa ta ƙi, ta ce mai gidan ya ce kullum, bai ce ban da yau ba. Ta durƙusa ta ajiye gaban tsohon, ta yunƙura za ta tashi kamar yadda ta saba.

Ya ce, “Dakata, ɗiyata. Wanga tuwo, na maƙwabta ne?”

Ta ce, “A'a, Baba. Na gida ne.”

“Hatsin, da albashinai anka saye shi?”

Ta dube ni, sannan ta ce, “E, Baba. Da itacen, da gishirin, duka.”

Ya ajiye carbi. Ya jawo buta ya wanke hannu, ya buɗe kwano, ya yi bismilla. Ya kai loma ta farko, hawaye suna bin gemunsa suna ɗiga, bai share ba. Bai yi mini tayi ba, ni ma ban motsa ba. Ya ci a hankali har ya cinye, ya suɗe kwanon da yatsa, ya yi hamdala, ya miƙa mata da hannu biyu.

Ya ce, “Gobe in za ki auna hatsi, ki auna da ni.”